Shuɗin kwaɗon Sipaliwini da sunan da aka karɓe masa

A shekarar 1968 masanin dabbobi Marinus Hoogmoed, ɗan ƙasar Holan, ya ci karo da wani ɗan kwaɗo shuɗi mai ɗigon baƙi a Sipaliwini, can kudancin Suriname kusa da iyakar Burazil. Tsawonsa bai kai santimita 5 ba. Mazauninsa 'yan ƙananan kurmi ne da filin ciyawa ya kewaye, busasshen fili wanda kwaɗon ba ya iya ƙetarewa. A 1969 Hoogmoed ya ayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, ya raɗa masa suna Dendrobates azureus.

Launinsa ya ja hankalin masu kiwon kwaɗi a Turai da Amurka, inda ake ajiye irinsa cikin akwatunan gilashi masu danshi. Kasuwar kwaɗin wannan dangi ta bunƙasa, kuma a 1987 aka sa su ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji. Abin mamaki, wanda aka haifa a akwati ba shi da dafi. Binciken John Daly da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa dafin daga abinci yake, musamman tururuwa da wasu mitsi-mitsin ƙwarin daji. Kwaɗon da ya tashi kan ƙananan ƙudajen kiwo launi kawai ya gada.

Sai a 2006 nazarin ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa shuɗin kwaɗon nau'i ne kawai na Dendrobates tinctorius, jinsin da aka sani tun ƙarni na 18, wanda kamanninsa ke sauyawa daga kurmi zuwa kurmi: nan rawaya da baƙi, can fari da shuɗi.

Hukuncin ya ƙara wa masu kiwo nauyi. Tunda jinsi ɗaya ne, nau'o'in suna iya haihuwa da juna, kuma haɗi ɗaya na ganganci ya isa ya gurɓata zuriyar da keɓewar kurmi ta daɗe tana ƙerawa. Dokar da ke kare jinsi ba lallai ta damu da launin kurmi guda ba. Shi ya sa ƙwararrunsu ke ƙyamar gauraya, suke kiran nau'o'i da dama da sunan wurin da aka samo su, kamar Oyapock, suna tambayar asalin iyaye kafin su tambayi farashi.