Korona Ta Bar Baya da Ƙura: Tarihin Haɗuwarta da Ciwon Suga

A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa cewa gawarwakin da ake kawo musu sun zarce abin da suka saba gani, kuma akasarinsu na dattawa ne. Gwamnatin jihar ta danganta lamarin ga hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni ministan lafiya na tarayya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, mai yiwuwa korona ce silar kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Aka yi ta gardama a majalisu: suga ce ko korona? Tarihin binciken likitoci ya nuna cewa sau da yawa su biyun ne a tare, kowace tana ƙara wa ɗayar ƙarfi, kuma ɓarnarsu tana daɗewa bayan zazzaɓin ya sauka.

Asalin labarin ya girmi annobar da muka sani. A shekarar 2003 cutar SARS, wadda ’yar uwar ƙwayar korona ce ke haddasa ta, ta bazu daga ƙasar Sin. A wannan shekarar masana suka gano cewa ƙwayar tana shiga jiki ta wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halitta, mai suna ACE2. Daga baya wasu likitocin birnin Bejin suka nuna cewa akwai wannan ƙofa a huhu da ƙoda da zuciya, har da gaɓar da ke samar da sinadarin insulin. Rahotonsu na 2010 ya ce cikin majinyata 39 da ba su da ciwon suga a da, 20 sun kamu da shi suna kwance a asibiti. Bayan shekara uku biyu kaɗai suka rage da shi. Da yake SARS ta ɓace da wuri, wannan gargaɗi bai samu masu sauraro da yawa ba.

Da sabuwar korona ta ɓulla a Wuhan a ƙarshen 2019, sai tsohon darasin ya dawo. A Ingila, cikin mutum sama da 23,000 da cutar ta kashe a asibitoci daga 1 ga Maris zuwa 11 ga Mayun 2020, kusan kashi ɗaya bisa uku masu ciwon suga ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Suga idan ya daɗe da yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, yana lalata ƙananan jijiyoyin jini. Korona kuwa kumburi take kawowa da daskarewar jini a waɗannan jijiyoyi. Shi kuma kumburin yana hana insulin aiki, sai sugan ya ƙara hawa.

Hatta maganin da ya ceci rayuka ya zo da nasa nauyin. A watan Yunin 2020 masu bincike na Jami’ar Oxford suka sanar cewa deksametazon, magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku a tsakanin waɗanda ke kan na’urar numfashi. Sai dai magungunan wannan dangi suna ɗaga suga. A Indiya, inda aka yi ta amfani da su ba bisa ƙa’ida ba a annobar 2021, sama da mutum 40,000 suka kamu da cutar da aka kira baƙar funfuna, wadda ke cin hanci da ido, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu masu ciwon suga ne. Da dama daga cikin waɗanda suka rayu sai da aka cire musu ido ko wani ɓangare na muƙamuƙi.

Majinyata da kansu ne suka fara jawo hankalin duniya ga abin da ke biyo bayan warkewa. A watan Mayun 2020 wata mai bincike ’yar Italiya, Elisa Perego, ta yaɗa sunan da ke nufin doguwar korona a Twitter. Sai a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma’anarta: alamomi kamar kasala da sarƙewar numfashi da rikicewar tunani, da ake gani wata uku bayan kamuwa, su kuma ɗauki aƙalla wata biyu. Ga mai ciwon suga wannan kasala ba ƙaramar matsala ba ce, domin tana hana shi motsa jikin da ke taimaka masa wajen saukar da suga.

Daga nan manyan alƙaluma suka fito daga Amurka. Dokta Ziyad Al-Aly da abokan aikinsa sun bi bayanan tsofaffin sojoji, suka ga cewa waɗanda suka warke daga korona sun fi sauran fuskantar raunin ƙoda da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki cikin watannin da suka biyo baya. Waɗannan su ne gaɓoɓin da ciwon suga ya riga ya soma ci. A 2022 kuma, bayan nazarin mutum sama da 180,000, suka gano cewa haɗarin kamuwa da sabon ciwon suga ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, wato ƙarin mutum 13 cikin kowace dubu a shekara guda. Akasarin waɗannan majinyata maza ne masu shekaru, don haka adadin na iya bambanta a wasu al’ummu, amma nazarce-nazarce a wasu ƙasashe sun ga irin wannan ƙari.

Akwai kuma ɓarnar da kulle ya yi. Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a Mayun 2020 ya nuna cewa a kusan rabin ƙasashe 155 kula da masu ciwon suga ya samu cikas. Gwajin ido ko na ƙoda da aka tsallake a lokacin, sakamakonsa yakan bayyana ne bayan shekaru.

A ranar 5 ga Mayun 2023 hukumar ta ce korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Wannan sanarwa ba ta goge abin da cutar ta bari a jikin mutane ba. Duk mai ciwon suga da ya taɓa jinyar korona, musamman idan ta kai shi ga kwanciya asibiti, ya kamata ya faɗa wa likitansa, a duba masa ƙoda da zuciya da ido da matsakaicin sugansa na wata uku. Wanda kuma bai taɓa yin suga ba, amma ya ga ƙishirwa da yawan fitsari da rama bayan jinya, gwajin jini na ’yan mintoci ya fi masa zaman jira.