Ƙwan mesa: matsalolin da ke tasowa dab da ƙyanƙyasa

A Arewa an fi sanin mesa a hannun gardawa, amma a ƙasashen Gana, Togo da Binin kiwonta sana'a ce. Daga can ake fitar da 'ya'yan ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda masana ke kira Python regius, zuwa Turai da Amurka, inda ake ajiye ta a gida don sha'awa. Ƙwanta yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 55 zuwa 60, a zafin digiri 31 zuwa 32 na Salshiyas. Makonni biyun ƙarshe suna da nasu haɗari.

Na farko shi ne zafi. Idan ɗan tayi ya girma, jikinsa ma yana fitar da ɗumi, don haka cikin akwati yakan fi abin da aka saita. Zafin da ya wuce kima yana karkata ƙashin baya ko ya kashe ɗan. A yanki irin Araba da ke Illela a jihar Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40, sanyaya ɗakin ne babban aiki, musamman idan an ɗauke wuta.

Na biyu iska da laima. Ɓawon ƙwan mesa laushi gare shi kamar fata, kuma ta cikinsa ɗan ke numfashi. Buƙatarsa ta iska tana ƙaruwa a ƙarshe, saboda haka a riƙa buɗe akwatin kaɗan, a kuma share raɓar murfi kada ta ɗiga a kan ƙwai. Loɓawar ƙwai a wannan lokaci ba illa ba ce. Idan tun farko ya loɓa, bushewa ce. Ba a juya shi kamar ƙwan kaza.

Na uku gaggawar mai kiwo. Bayan ɗan ya tsaga ɓawo, yakan zauna ciki kwana ɗaya ko biyu yana shanye sauran gwaiduwa. Jawo shi waje yana iya tsinka cibiyarsa, ya zubar da jini.

Ga 'yan kasuwar kan iyaka kuwa, mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta ƙayyade cinikinsu. Najeriya da Nijar duk suna ciki, don haka ƙetarewa da ita ko ƙwanta daga Illela zuwa Birnin Ƙonni ba tare da takardar izini ba saɓa doka ne.