DAGA ASUWAKI ZUWA MAKILIN: TARIHIN BAKIN BAHAUSHE A MUBI



Kwanakin baya muna zaune a gindin dogon yaro bayan sallar La'asar, sai wani jikana ɗan shekara 7 ya zo yana kuka, hannu dafe da kunci. Da na ce ya buɗe baki, sai na ga turamensa biyu sun yi kogo, sun yi baƙi ƙirin. Wani dattijo da muke tare ya leƙa ya ce, "To, ga irinta nan! Mu da muka tashi da icce ba mu san wannan ba, sai 'ya'yan makilin." Aka yi ta musu har aka kira Magariba, ba wanda ya ka da wani. Wannan musu shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin mu waiwaya mu ga da me iyayenmu suka zo garin nan, me muka tarar, me kuma muka yar a hanya.

Sanin kowa ne fatauci ya kawo Bahaushe ƙasar Adamawa. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suka riƙa ratsowa ta Barno suna gangarowa Fombina da tufafi da goro, suna komawa da hauren giwa, da bayi kuma, don gaskiya ba a ɓoye ta. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yada zango a Mubi a 1851 kan hanyarsa ta zuwa Yola. Jamusawa suka kama garin a 1903, Ingilishi suka ƙwace a 1914, sa'an nan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta maido mu cikin Nijeriya a Lardin Sardauna. Duk cikin waɗannan sauye-sauye, akwai abu ɗaya da bai bar aljihun bafatake ba, tare da carbi da gwangwanin goro, wato asuwaki.

Ita kanta kalmar Larabci ce, daga "as-siwak", kuma tare da littafi ta shigo mana. Duk wanda ya zauna gaban malami ya buɗe Ishmawi ya ji an lissafa asuwaki cikin falalolin alwala. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa don gudun tsananta wa al'umma ne kawai Manzon Allah (SAW) bai wajabta shi a kowace salla ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, har ya yi sauƙi ga wanda ya goga da yatsa. Malamanmu na Malikiyya kuma sun halatta wa mai azumi yin asuwaki duk tsawon yini, sai dai sun ƙi ɗanyen icce, don kada ɗanɗanonsa ya wuce maƙogwaro. Ka ga ke nan mutumin da ya riƙe wannan, bakinsa na ganin icce sau 5 a rana, ba tare da wani likita ya ce masa uffan ba. Ni a ganina nan ne sirrin dattawanmu yake. Yawan gogawar ne ya fi irin iccen aiki.

Amma fa iccen ma ba kowanne ake karya ba. Wanda Larabawa ke kira arak, wanda alhazai ke kawo mana tsarabarsa daga Makka, yana fitowa a ƙasa mai gishiri-gishiri, har da bakin Tafkin Cadi, inda mutanen wurin suka daɗe suna ƙona shi suna fitar da gishiri daga tokarsa. Masana na wannan zamani sun bincika sun tarar yana ɗauke da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta, da wani ɗan yashi-yashi mai kankare dauɗa. Wanda bai samu wannan ba sai ya nemi saiwar marke, ko sandar shuwaka mai ɗaci, ko reshen lemun tsami, ko fasaƙwari mai sa harshe ya yi zugi kamar an ɗaure shi. Mai ciwon haƙori kuwa a cusa masa kanumfari, mai zubar jini a dasashi a dafa masa bagaruwa ya kurkura.

Wani abin da zai ba matasa mamaki shi ne dogon yaro, wanda yau kowa ke miƙa hannu ya karya reshensa da safe, baƙo ne kamar mu. Asalinsa ɗan ƙasar Indiya ne, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Lardin Barno, daga nan ya bazu. Shi ya sa ma ba shi da suna ɗaya: Bakano ya ce darbejiya, wani ya ce maina, wani ya ce bedi, mu nan mu ce dogon yaro. Saboda haka in ka ji wani na cewa da shi kakanninmu suka yi asuwaki tun zamanin Shehu, ka ce masa ya sake lissafi.

To, sai batun kwalliya, wanda a nan ne na fi son in daɗe. Mu yau farin haƙori muke yabo, amma da can jan baki shi ne ado. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga maza da mata suna rina haƙora da leɓɓa da furen taba da furen gurjiya. Ni kaina na riski ƙarshen wannan al'ada. Kakata, Allah ya ji ƙanta, tana da wani ɗan kwano da ba mai taɓa shi, ciki da fure da ɓarin goro. In ta gama aikin gida ta yi wanka, sai ta shimfiɗa tabarma, ta tauna goro, ta ɗauki fure ta yi ta dirzawa a haƙora tana hira, har sai sun yi jawur kamar garwashi. Amaryar da ta fito da farin baki a wancan lokaci, sai a ce ko ba ta da lafiya ne, ko kuwa mijin ne marowaci. A garin nan da muke zaune da Barebari da Fulani da Gude da Fali, kowace ƙabila da irin adon bakinta, kuma matan Barebari ba su bar wa namu filin fure ba. Yau kuwa ka nemi mai fure a babbar kasuwa ka sha yawo. Boko ya zo, hoto ya zo, talla ta zo da 'yan mata masu fararen haƙora, sai jan baki ya koma alamar ƙauyanci. Abin da ya yi saura na adon baki shi ne wushirya, wadda Allah ke bayarwa, da haƙorin Makka, wanda kuɗi ke sayowa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zamanin da kowa bakinsa lafiya lau. Sam. Mun ga tsofaffi masu giɓi, mun ga masu kantsa, mun ga waɗanda dasashinsu ya janye har saiwar haƙori ta fito saboda dirzar gawayi da toka da gishiri, waɗanda ke fara haƙori yau su cinye bayansa gobe. In ciwo ya yi tsanani sai wanzami da awartakinsa. Har yanzu ban manta da wani mai magani da ya taɓa zuwa cin kasuwa ba, wanda ya turara wa yayana hayaƙi a baki, ya nuna mana wasu 'yan fararen abubuwa cikin ƙwarya ya ce ga tsutsar ta fito. Aka biya shi, ya yi gaba. Da dare ciwon ya dawo sabo fil. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, masu zama cikin dauɗar da ke manne wa haƙori. In suka sami zaƙi sai su mai da shi tsami, tsamin nan kuma shi ke narkar da bayan haƙori a hankali har ya yi kogo.

Nan ne amsar dattijon nan take. Abin da ya raba bakin jikana da na kakata shi ne sukari. Ita zaƙin da ta sani bai wuce zuma da rake da dabino da mazarƙwaila ba, su ma jefi-jefi. Mu kuwa a idonmu sukari ya zama abincin kullum. An kafa kamfanin sukari a Bacita a shekarun 1960, aka kafa na Savannah a nan Numan a shekarun 1970, teburin mai shayi ya kafu a kowane lungu, lemon kwalba ya kori kunun zaƙi a wurin biki, alewa da biskit da cingam suka cika tiren 'yan talla a ƙofar makaranta. Yaro ya tashi da shayi cokali uku, ya wuni yana tsotsar alewa, ya kwanta ba a goge masa baki ba. Asuwakin da kakansa ke yi sau 5 an bar shi, burushin da aka musanya da shi kuma sau ɗaya ake yi da safe, cikin gaggawa. Wato mun saki na hannu, ba mu kuma kama na gudu ba.

Shi burushi nasa tarihin gajere ne. Wani Bature mai suna William Addis ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa a Ingila wajen 1780, da ƙashi da gashin dabba. Na roba irin wanda muka sani sai a 1938 ya fito a Amurka. Colgate ya fara sayar da man goge baki cikin kwalba a 1873, kafin a koma matsewa daga kwanso. Mu kuwa wanda ya fara kama bakinmu shi ne Macleans, shi ya sa har gobe kowane iri ka saya, ko Close-Up ne ko wani, Bahaushe makilin zai ce, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo. Abin da ya ba makilin daraja kuwa wani sinadari ne da ake kira fulorayid, mai ƙarfafa bayan haƙori ya jure tsami. An fara zuba shi cikin ruwan famfo a garin Grand Rapids na Amurka a 1945, ya shiga man goge baki a shekarun 1950. Shi ma in ya yi yawa a ruwan sha yana ɓata haƙoran yara su yi ruwan ƙasa, kamar yadda ake gani a wasu rijiyoyin Kaltungo da Langtang.

Akwai kuma abin da ya fi kogo muni. Cutar noma, mai zaizaye baki da fuskar ƙananan yara, tana farawa ne daga ɗan gyambo a dasashin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, bakinsa kuma ba tsabta. Cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Mu da muka ga gudun hijira na 2014, lokacin da aka watse daga garin nan da yara a goye, ba sai an gaya mana yadda yunwa ke yi wa yaro ba. Uwar da ta ga dasashin ɗanta ya kumbura yana jini yana wari, ta nufi asibiti a ranar, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe.

Tun daga ranar da jikan nan nawa ya sha cirar haƙori, na kafa doka a gidana, na haɗa tsohon hannu da sabo. Burushi mai laushi da makilin mai fulorayid sau 2, da safe da kuma daf da kwanciya, na daren ma ya fi muhimmanci domin miyau, wanda shi ke wanke baki, yana raguwa in an yi barci. Kowane goge minti 2, a bi waje da ciki da saman turame, a kankare harshe, a tofar, kada a bi da kurkurar ruwa mai yawa a wanke maganin. Yaro ƙasa da shekara 3 ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa, wanda ya ɗara haka kamar ƙwayar wake, kuma babba ya tsaya a kansa har ya kai shekara 7 ko 8. Kowa da burushinsa, in ya yi wata 3 ko gashinsa ya baje a yar. Tsakanin haƙora a yi sakace a hankali da tsinke mai tsabta ko zaren sakace, ban da allura, ban da tsinken ashana. Da rana kuma asuwaki wajen kowace alwala, a yanke kansa in ya tsufa a tauna sabo, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori, ban da zarto, a kuma tuna cewa icce ba ya lanƙwasa ya kai bayan turame kamar burushi.

Uwargida ta ce dokar ta yi tsauri, yara kuma sun sa mini suna Baba Sufeto. Gwangwanin sukari dai yanzu a ɗakina yake kwana, makullin kuma yana aljihuna tare da asuwakin.