Tarihin tiyatar haihuwa

Tiyatar haihuwa, wato yi wa mace aiki a ciro jariri, tsohuwar dabara ce, amma sai a ƙarshen ƙarni na 19 uwa ta fara samun kyakkyawan zaton tashi daga gadon aikin. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne yadda likitoci suka koyi rufe mahaifa bayan sun buɗe ta. A da sukan bar ta ba ɗinki, suna zaton za ta tsuke da kanta, suna kuma tsoron zaren da aka bari a ciki zai ruɓe. Mata da yawa suka mutu saboda zubar jini ko ƙwayoyin cuta da suka malala cikin ciki. A 1876 Eduardo Porro na Pavia a Italiya ya nemi mafita ta cire mahaifar bayan an ciro jariri. Uwa ta rayu, amma haihuwa ta ƙare mata har abada. A 1882 Max Sänger na Leipzig a Jamus ya nuna cewa ɗinke mahaifa da kyau, da wayar azurfa da zaren siliki, yana tsayar da jini ba tare da an raba mace da ita ba.

Wasu za su ce maganin sa barci da tsabtar ɗakin tiyata ne suka yi aikin. Gudunmawarsu babba ce, to amma an fara amfani da maganin sa barci tun 1846, mata kuma suka ci gaba da mutuwa shekaru talatin bayan haka. Wasu kuma sukan kawo labarin Bunyoro a Uganda, inda a 1879 Robert Felkin ya ga masu fiɗa sun ciro jariri ba tare da ɗinke mahaifa ba, uwa da ɗa kuma suka rayu. Sai dai abin da ya rubuta yana ƙarfafa hujjar cewa tsayar da jinin mahaifa ne ke ceton uwa: sun wanke wurin da giyar ayaba, sun tsayar da jini da jan ƙarfe mai zafi, sun riƙa matsa mahaifar har ta tsuke.

Hankali kuma ya koma kan wurin yankan. Ferdinand Kehrer a 1881, sannan Munro Kerr na Glasgow a 1926, suka yanka ƙasan mahaifa a kwance, inda naman ya fi siriri, jini ya fi ƙaranci, tabon kuma bai cika fashewa a naƙuda ta gaba ba. Wannan yankan ne aka fi amfani da shi a asibitoci yau.