Daga Fatar Barewa Zuwa Roba: Tarihin Tabarmar Yoga

Tabarmar da nake motsa jiki a kanta ce ta fara marmashewa. Na ɗauke ta zan kai bola, sai na tsaya: wai da me ma aka yi ta? Wannan tambayar ce ta haifi shirinmu na yau.

A Indiya, inda yoga ta samo asali, babu wata tabarmar roba. Mutanen da can suna zama ne a kan ciyawar kusha, ko buzun fatar barewa ko ta damisa. Littafin Bhagavad Gita ma ya ambaci mazaunin ciyawa da fata da ƙyalle. Daga baya aka koma shimfiɗar auduga. Duk waɗannan in sun tsufa ƙasa ce ke cinye su.

To ina robar ta fito? A 1982 wata malamar yoga 'yar Ingila, Angela Farmer, tana koyarwa a Jamus, ta yanko irin robar da ake sawa ƙarƙashin kafet, don ƙafarta ta daina zamewa. Ɗalibai suka gani suka so, mahaifinta ya fara sayarwa. Kafin ka ce kwabo, kamfanoni sun shiga ƙera ta da robar PVC.

Nan gizo ke saƙa. PVC daga man fetur da sinadarin kulorin ake yin ta. Ba ta ruɓewa, in kuma ka ƙona ta hayaƙinta guba ne. Ka ga ke nan an gyara zamewa, an ɓata ƙasa.

Shi ya sa yanzu ake komawa baya. Akwai ta ƙaron itacen roba, amma mai borin jini da shi ya kiyaye. Akwai ta jut, zaren da ya yi kama da ramarmu, wanda Indiya da Bangaladash ke nomawa. Akwai ta ɓawon itacen kok na ƙasar Fotugal, wanda ake ɓarewa duk bayan shekara 9 ba tare da an sare itacen ba.

In za ka saya, kada koren launi ya ruɗe ka, karanta abin da aka yi ta da shi. Tawa tsohuwar kuwa ban yar ba, na yanka ta na shimfiɗa a bakin ƙofa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.