Dokin da ya gama gudu, ina za shi?

Akwai wani hurde da na buɗe ido na tarar a turken gidanmu a Kona. Kakana ya saye shi da araha a kasuwar Tasawa, don mai shi ya ce ya daina cin sukuwa. Watansa na farko ba wanda ya more shi. Da ka sa ƙafa a likkafa sai ya zabura, shi a saninsa duk wanda ya hau, gudu yake so. Tsoho bai taɓa dukansa ba. Ya cire masa linzami mai kaifi, ya riƙa jansa da ragama zuwa rijiya safe da yamma, yana tsayar da shi, yana sake tafiya, har ya gane akwai tafiyar da ba tsere ba ce. Kafin damina ta dawo, shi ke kai tsoho cin kasuwa, ran salla kuma a yi masa ado.

Da na fara karatun tarihi sai na ga ashe abin da ya sami hurden nan, shi ya sami dokin ƙasar Hausa baki ɗaya. An sha canja masa aiki, kuma wannan canjin ne ya raya shi.

Aikinsa na fari yaƙi ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya zo da dawakin zage, waɗanda ake ja ba mahayi don sarki ya canja in nasa ya gaji. Ku dubi sarautu ma: Madawaki, Sarkin Dawaki, Shamaki. Fada kanta a kan doki aka gina ta. Horon dokin yaƙi kuwa shi ne ya jure nauyin lifidi da ƙarar tambari, ya tasam ma mashi bai kauce ba, ya ci birki nan take in an ja linzami.

A nan yankinmu, bayan jihadi ya kori sarakunan Katsina a wajajen 1807, zuriyarsu ta yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi. Abin da ya tsare Maraɗi da Tasawa da Tibiri shekara da shekaru shi ne mahaya. A kan doki Sarki Ɗan Baskore ya yi ta kai hari ƙasashen da ke ƙarƙashin Sakkwato.

Sai bindigar Nasara ta zo. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar nan yana ƙone garuruwa, har su biyun suka gamu da ajalinsu a watan Yuli, kusa da Maijirgi, nan ƙasar Tasawa. A 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato da bindiga mai ruwa. Daga ranar, dokin yaƙi ya rasa sana'a.

To amma bai ɓace ba. Sukuwar da mahaya kan yi su ci birki gaban sarki suna jinjina, wadda a da gwajin shirin yaƙi ce, ita ta zama kwalliyar hawan salla. An yi gagarumin hawan daba a Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, an sake a 1977 lokacin FESTAC, a 2024 kuma UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi wasan folo, ɗansa Usman Nagogo ya yi suna a kai. Nan sai da aka sake wa doki karatu: maimakon ya miƙe sak, sai ya koyi juyi cikin ƙiftawar ido, ya daina tsoron sanda tana wuce kunnensa. A ƙauye kuma talaka ya ɗaura masa amalanke.

Kada ku ce mu kaɗai ke da wannan matsala. A Amurka akwai wani jinsi da ake kira Standardbred. Sunan ya samo asali ne daga ƙa'idar da aka sa a 1879: ba a rubuta doki cikin littafin jinsin sai ya ci mil guda cikin minti 2 da daƙiƙa 30. Kusan dukansu jikokin wani ingarma ne, Hambletonian 10, da aka haifa a 1849. Su ba a hawansu wajen tsere. Ɗan keke mai ƙafa biyu suke ja da sassarfa, kuma wanda ya ɓalle da sukuwa ya karya doka. Kun ga kishiyar hurden kakana ke nan: shi bai san komai ba sai sukuwa, su kuma an hana su ita tun suna ƙanana. In suka yi ritaya sai a koya musu ɗaukar sirdi, da jin umarnin ƙafar mahayi, da cewa yin sukuwa yanzu ba laifi ba ne. Wasu su koma hannun 'yan sanda masu sintiri, wasu su ja keken mutanen Amish da ba su tuƙa mota. Waɗanda ba su sami mai haƙurin koya musu ba, da yawa mahauta ce makomarsu.

Mu ma nan muka dosa. Farin 1973 da na 1984 sun share turaku da dama, don mai neman abin da zai sa a tukunya ba ya zuba wa doki gero. Abin da fari ya rage, babur na ƙarasawa. Babur ba ya cin harawa, ba ya shan kanwa, in ka jingine shi ba ya haniniya. Yau saurayi a Kona ko Mayahi zai kwance maka inji ya ɗaure, amma ka ba shi majayi ka ce ya ɗaura sirdi, sai ya tsaya kallonka.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban musa ba, amma hurden nan ya haura shekara goma lokacin da ya koyi tafiya a hankali. Abin da ya buƙata mutum ne da ya san hanya, kuma masu wannan sanin tsofaffi ne, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya rubuta komai. Shawarata gare mu, wannan hutun kowa ya nemi wani tsohon mahayi a garinsu, ya zauna da littafi da biro. Ka tambaye shi yadda ake sauke wa doki zafin kai, da sunan kowane launi da kowace tafiya. Ni dai na makara da nawa kakan. Allah ya jiƙansa.