Tabar daji: ganyen da wasu al'ummomi ke girmamawa

Jama'a, mu nan mun san taba: sigari, garin taba da ake haɗawa da kanwa, da furen da iyayenmu mata ke goga wa haƙora tare da goro. To akwai wata irin taba da masana ke kira Nikotiyana rustika, wato tabar daji. Asalinta tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka. Gajeriya ce, ganyenta mai kauri, furenta rawaya-rawaya.

Tun kafin zuwan Turawa a 1492, ƴan asalin nahiyar Amurka ke noma ta, kuma wajen ibada da magani suka fi amfani da ita. Ƙabilun Irokwa na Amurka da Kanada suna zuba ta a wuta lokacin addu'a, bisa imaninsu cewa hayaƙin ne ke kai saƙo sama. Wasu ƙabilun kuma sai sun ajiye ɗan ganyen taba a ƙasa kafin su cire tsiron magani, ko su miƙa wa dattijo in za su nemi ilimi wurinsa. A dajin Amazon na ƙasar Peru sunanta mapaco. Can bokaye na hura wa majiyyaci hayaƙinta, wani lokaci su ba shi ruwanta ya sha ya yi amai.

Sai dai ƙarfinta ba wasa ba ne. Sinadarin nikotin da ke ganyenta yakan kai kashi 9 cikin 100, alhali na tabar sigari bai cika wuce kashi 3 ba. Saboda kaifinta ne Turawan Ingila da suka zauna Birjiniya suka koma noman ɗaya irin tun daga 1612. Nikotin guba ne: manoma na jiƙa ganyen taba su kashe ƙwarin gona da shi. In ya yi yawa a jikin mutum, yana kawo jiri, amai, bugun zuciya, har mutuwa, musamman ga yara.

Su kansu bokayen Amazon shekaru suke yi suna koyon awonta. Don haka ƴan uwa, na gida da na ƙetare, in aka tallata muku ita da sunan maganin gargajiya, kada ku jarraba. Yaron da ya haɗiye taba kuwa, a garzaya da shi likita nan take.